Ɗigon Kore a Kan Faifai

Kwamfutar Muzammil ta koyi wani mugun hali tun bayan cirar gyaɗa. Yau ka kunna ta, ta tashi lafiya lau, ta jero zane-zanen surfani kamar ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Gobe ka kunna ta, sai ta tsaya a baƙin allo da ɗan rubutun Turanci fari, wai ta duba ba ta ga faifan ajiyarta ba. Faifan kuwa yana cikinta, ba inda ya je. Da farko sai a yi kwanaki ba ta yi ba, amma da azumi ya kama sai abin ya zama kusan kullum.

Muzammil mai surfani ne a Gaya, shagonsa yana kan hanyar kasuwa. Injinsa ba ya ɗinka komai sai an ɗauko zane daga laftof ɗin a filas, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, an zuba masa. Zane-zanen da ke ciki suna da yawa, kuma galibinsu irin wanda kowane shago yake da shi ne, ko sun ɓata ana samu wajen abokan sana'a. Guda ɗaya ne ba shi da na biyu a duniya, wanda mutanen gari ke kira aikin Kabo.

Malam Kabo mahaifinsa ne, maɗinkin manyan riguna da hannu, ya rasu 'yan shekarun baya. Shi ya ƙirƙiri zanen: ganyen gyaɗa ne suka sarƙe da juna suka zagaye wuyan riga suka sauko ƙirji, sannan a can ƙasa ta hagu akwai wani ɗan ƙulli da wanda bai sani ba zai ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Nan tsohon yake ƙare aiki, ya ƙulle zare, ya yi hamdala. Muzammil ya kwashi zanen daga rigar ƙarshe da ta rage, kafin ta mutu a jikin kawunsa, ya shafe damina biyu yana shigar da shi kwamfuta ɗinki bayan ɗinki. Ba kowa yake yi wa shi ba, sai wanda ya san tsohon, ko angon gida. Kuma saboda filas abu ne mai yawo daga hannu zuwa hannu, duk sanda ya gama aiki sai ya goge zanen daga kai, don kada a sace. A faifan laftof ɗin nan kaɗai yake, kuma Muzammil yana ganin wannan shi ne wayo.

Ya yi wa na'urar duk dabarar da ya sani. Ya cire batir ya mayar. Ya hure ƙofofinta da baki har kansa ya yi ciwo. Matarsa Sa'adiya ta ce zafi ne, ai ko mutum ya sha ranar azumin bana sai ya manta sunansa, sai ya riƙa ajiye ta gaban fanka. Daga baya ya lura in ya ɗan karkata ta hagu kafin ya kunna, takan tashi, sai ya samo guntun katako ya tokare ta. Maƙwabtansa a kasuwa suka samu abin tsokana, suna tambayarsa ko yau Hajiya ta tashi da ƙafar dama.

Wanda ya fara kai wa kuka shi ne Usaini. Ina kuwa zai kai? Tare suka tashi, tare suka zauna a zauren Malam Kabo suna koyon zare allura, kuma Usaini Baba yake ce wa tsohon. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba. Kullum da azumi kafin magariba kwano yana fita daga gidan Sa'adiya zuwa gidan Hanne matar Usaini, wani yana shigowa, kuma ba a taɓa mayar da kwano fanko ba. Don kada kwanuka su cakuɗe, kowace ta yi wa nata shaida da jan farce a gindi, yadda mata ke yi saboda biki: na Sa'adiya ɗigo biyu ja, na Hanne ɗigo uku kore. Ranar da abokan biyu suka sayo laftof ɗinsu daga Kano ma, Usaini ne ya kawo shawara. Ya ce masu gyaran birni ba su da tsoron Allah, sai su cire maka lafiyayyen kaya su sa maka mushe. Ya kwance na'urorin biyu a tsakar gida, kowa ya ari jan farcen matarsa ya ɗiga wa batir da faifai shaidar gidansu, matan suna ta dariya.

Yanzu Usaini yana da nasa shagon a Ajingi, kullum da safe yake hawa babur ya tafi. Kuma shi ne ya kai laftof ɗin Muzammil gyara Kano lokacin cirar gyaɗa, da bakin cajinta ya lalace, Muzammil kuwa yana Kademi a gonar gado ba shi da sukuni.

"Ƙura ce kawai," in ji Usaini, da Muzammil ya tare shi a ƙofar gida. "Ka bar ta, bayan Sallah zan duba maka da kaina."

"Bayan Sallah? Ina da aiki a kanta."

"To ka lallaɓa ta. Amma don Allah kada ka kai wa kowa ya buɗe. Ka san halinsu."

Muzammil ya ji daɗin wannan magana, har ya gaya wa Sa'adiya cewa samun amini irin Usaini sai an tona.

Aikin da yake nufi na Baffa Bubayero ne, wani dattijon Bafulatani daga Kademi, abokin mahaifinsa. Ya kawo farar shadda, ya ce wannan Sallar da aikin Kabo yake so ya je idi, don bai san ko zai ga wata ba. Yana miƙa shaddar sai ya ce, "Af, na kuwa ga aikin babanka a kasuwar Ajingi, a wuyan wani saurayi. Na ce ashe Muzammil ya fara saki."

Muzammil ya yi dariya ya ce, "Baffa, kwaikwayo ne. Sun daɗe suna gwadawa, ba sa iyawa."

Washegari laftof ta ƙi tashi sam. Ya karkata ta hagu, ya karkata ta dama, ya cire katako ya mayar, baƙin allon nan dai da rubutunsa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya kira Usaini bai ɗauka ba. Sai ya naɗe ta a sallaya, ya tare adaidaita sahu zuwa wajen Abdulmuttalib, mai gyaran waya da kwamfuta a kusa da tasha, yana tafe yana jin kamar amanar aboki yake ci.

Abdulmuttalib mutum ne mai yawan magana da kayan da yake gyarawa, ba da masu kayan ba. Ya kunna, ya danna wani maɓalli da sauri, ya shiga inda na'ura ke lissafa abin da ke cikinta. Gurbin faifai babu komai. Ya kashe ya sake kunnawa, sai ga sunan faifan ya fito. Ya sake, ya ɓace.

"Kina wasa da mu ke nan," ya ce wa laftof ɗin. Ya kara kunnensa a jikinta, sannan ya miƙa wa Muzammil. "Malam Muzammil, saurara."

Wata 'yar ƙara ce, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhun wake.

"Abu uku ne," in ji Abdulmuttalib. "Ko faifan ya yi sako-sako a mazauninsa, ko bakin da yake shiga ya lalace, ko shi kansa ne yake ciwo. Na farko wasa ne, na biyu da sauƙi. Ka yi addu'a kada ya zama na uku. Kana da kwafi a wani wuri?"

"Babu."

Abdulmuttalib ya ɗago ya dube shi, ya ɗauki sukudireba. Da ya buɗe bayan, sai ya yi ɗan tsaki. Notin da ke riƙe faifan babu guda biyu, an cusa guntun kwalin maganin sauro an tokare shi. Ya zare faifan a hankali, ya goge bakin da buroshi, ya ɗauko wani faifai nasa na gwaji ya sa. Laftof ta gan shi nan take. Ya kashe ya kunna, ya girgiza ta, ya karkata ta, ba ta fasa ganinsa ba.

"Na'urarka lafiyarta ƙalau," ya ce. "Faifan ne ya tsufa. Amma wannan ai ya girme ta nesa ba kusa ba. Da shi ka saye ta?"

Ya juya shi a tafin hannunsa don ya karanta takardar da ke jiki. Muzammil ba takardar ya gani ba. A kusurwa, inda ya san ya ɗiga ja biyu da hannunsa, kore ne guda uku, sun ɗan dushe, a jere kamar yadda suke a gindin kwanon da ya sha kunu a ciki jiya.

Ya karɓa ya kai bakin ƙofa wajen haske, wai ko idonsa ne. Ya kankara da farce. Kore ne. Ya tsaya yana nema wa Usaini hanya: ko masu gyaran Kano ne suka cakuɗa? Amma laftof ɗin Usaini ba ta je Kano ba a wannan tafiyar, a gaban Muzammil aka ɗaure tasa ita kaɗai a bayan babur kafin ya wuce Kademi. Ya tuna watannin baya Usaini yana ƙorafin tasa tana ƙara tana ɗaukewa, sannan ya tuna ya daina ƙorafin. Ya tuna sau nawa Usaini ya roƙe shi zanen, yana cewa a Ajingi zai karɓu, shi kuma yana cewa a'a. Ya tuna maganar Baffa Bubayero.

"Amma duk kayana suna ciki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Har hoton 'yata a fuskar allo."

"An juye maka ne," in ji Abdulmuttalib. "Wanda ya yi, ya kwashe komai na faifanka ya zuba a wannan, ya riƙe mai lafiyar. In ba buɗewa ka yi ba, ba za ka taɓa sani ba. Ka san mai shi?"

"Na san shi."

"To bar mini wannan, in jona shi a tawa in ga ko zai ba ni wani abu kafin ya cika. Ban yi maka alkawari ba."

Ranar kasuwar Ajingi ce, motoci suna ta lodi. Muzammil ya shiga bas ya matse tsakanin buhunan gero da wata mata mai kaji, bai ji matsin ba. Rabonsa da shagon Usaini tun ranar da aka buɗe shi, ya je ya yi addu'a ya taya shi daidaita inji. Kullum ya ce zai leƙo, sai Usaini ya ce ai suna haɗuwa a gida, kada ya wahalar da kansa.

Tun daga nesa ya hango su. An rataye riguna a igiya a gaban shagon, shuɗi da ruwan toka da ruwan ƙwai, yadi mai araha, kowace da ganyen gyaɗa a wuya. Samari biyu suna tsaye suna taɓawa. Muzammil ya matsa ya kama ɗaya. Na mahaifinsa ne, ba kwaikwayo ba, ya san kowane lanƙwasa. Sai dai an rage ganyen ciki, wurin ya yi fili kamar bakin da haƙora suka zube. Ya bi da yatsa zuwa ƙasa ta hagu. Babu ƙullin.

Usaini ya fito yana goge hannu. Da ya ga ko waye, sai ya tsaya, sannan ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"A'a, mutumina, yau kai ne a garinmu? Shigo daga rana."

Muzammil ya shiga. Inji yana ta aiki a kan wata rigar, laftof ɗin Usaini tana kan tebur, tana aiki sumul.

"Na kai ta an buɗe," ya ce.

Usaini ya rage ƙarar inji. Muzammil ya so ƙwarai ya ji ya yi rantsuwa, ko ya yi ƙarya mai kyau wadda za a iya riƙewa. Bai yi ba.

"Ai ban rage maka komai ba," in ji Usaini. "Duk na mayar maka da kayanka cif. Tawa ce take neman mutuwa, ga shago sabo, na ce in yi amfani da naka kafin in samu sarari in sayo maka sabo. Bayan Sallah na yi niyya, wallahi."

"Zanen fa?"

"Muzammil, ni ma fa a zauren nan na zauna. Ni ma Baba ya koya wa. Ka ɗauki abu ka kulle, shekara ta zagayo ka yi riga uku. Dubi yadda mutane ke so. Sunan Baba ne yake yaɗuwa."

"Wa ka gaya wa sunansa?"

Daga waje ɗaya daga cikin samarin ya leƙo ya ce, "Oga, wannan sabon yayin naka akwai baƙi?" Usaini ya ce masa ya dawo anjima.

Abin da ya fi ƙona Muzammil ba satar ba ce. Da zanen kaɗai Usaini ya kwafa ya bar masa faifansa, da sai ya ce kwaɗayi ne, kuma kwaɗayi kowa yana da nasa. Amma ya san faifan nan yana mutuwa, ya san abin da ke ciki ba shi da na biyu, ya sa masa shi ya tokare da kwali. Kuma kullum suna sahu ɗaya a masallaci, yana jin sa yana kukan baƙin allo, yana ce masa ƙura ce.

"Buɗe mini na asalin," ya ce. "Wanda ba ka taɓa ba."

Usaini ya sosa ƙeya. "Ka san na Baba yana cin zare, yana cin lokaci. Inji sai ya yi rabin yini a riga ɗaya. Sai na ɗan rage ganyen, na cire wannan ɗan kuskuren na ƙasa."

"Ba kuskure ba ne. Kai ma ka sani."

"To, na dai gyara. Kuma a kansa na ajiye, ban raba biyu ba. Amma ai cikakken yana wajenka." Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko filas. "Kawo in zuba maka wannan ɗin ma, ka riƙe. Faifan kuma ka yi mini haƙuri aikin Sallah ya wuce."

Muzammil ya dubi filas ɗin da ake miƙo masa, kyauta, da zanen ubansa a ciki an yi masa aski. Bai karɓa ba. Ya fita bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi wa Usaini ba tun suna yara.

La'asar ta yi sanyi kafin ya iso Gaya. Abdulmuttalib yana ganinsa ya miƙe tsaye, shi kuwa ba mai miƙe wa mutane ba ne.

"Ya tashi sau ɗaya," ya ce. "Na fara kwasa, ya ba ni hotuna da wasu zane-zane, sai ya yi shiru. Na yi duk abin da na sani. Yanzu ko ƙarar ma ba ya yi."

Ya juyo masa allo. Muzammil ya bi sunayen da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi. Zanen aska biyu yana nan, na aska takwas yana nan, duk tarkacen da kowa yake da shi ya tsira. Aikin Kabo ba ya ciki. Ya yi wa Abdulmuttalib godiya, ya sa mataccen faifan a aljihu.

A gida ya tarar da Sa'adiya a tsakar gida ta wanke kwanon Hanne, tana shirin zuba dambu a ciki.

"Abban Ummi, lafiya? Tun rana nake kiran wayarka."

"Dakata da zubawar," ya ce.

Ya karɓi kwanon ya kifa shi a kan tabarma, ya ajiye faifan kusa da gindinsa. Ta duba wannan, ta duba wancan. Tana nan ranar da aka ɗiga, ita ta miƙo nata jan farcen. Ya gaya mata sauran a taƙaice, tana tsaye da ludayi a hannu.

"Hanne ta sani?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

Ya juyo kwanon, ya sa faifan a ciki, ya rufe da murfi.

"Ba a mayar da shi fanko," ya ce. "Kai musu kayansu."

Sa'adiya ta mayar da dambun tukunya. Ta sa hijabi, ta ɗauki kwanon, ta kai bakin zaure sannan ta juyo.

"Namu yana can. In karɓo?"

"Karɓo."

Da ta fita, ya ɗauko farar shaddar Baffa Bubayero ya shimfiɗa a gefe, ya samo takarda da fensir. Ganyen sun zo masa, ba duka ba, amma sun zo, hannunsa yana tuna abin da ya yi damina biyu yana yi. Ya bi su ya zagaye wuya ya sauko ƙirji, har ƙasa ta hagu. Nan fensirin ya tsaya. Ya rufe ido yana neman yatsun tsohon, yadda suke juya zare kafin hamdala. Ta dama yake fara zagayawa, ko ta hagu? Ya zana ta dama ya goge. Ya zana ta hagu ya goge. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya zauna a zauren nan ya ga ana ƙulla shi, kuma yana bayan katangar nan.

Aka kira sallar magariba, Muzammil yana zaune da fensir a hannu, bai ko kai ruwa bakinsa ba.